Kurket na Test: Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara Kan Hukuncin Alƙalin Wasa

A wasan ƙwallon ƙafa, alƙalai ne ke da ikon komawa ga na'urar VAR domin sake duba hukunci. A wasan kurket na Test kuwa, an bai wa 'yan wasa da kansu damar ƙalubalantar alƙali, amma sau ƙalilan. Wannan tsari, wanda aka sani da DRS, ya rage kurakuran alƙalanci, sannan ya zama wata dabara da kan yi sanadin nasara ko faɗuwar ƙasa.

Mene ne wasan Test?

Test shi ne nau'in kurket mafi tsawo kuma mafi daraja. An buga na farko a watan Maris na 1877 a birnin Melbourne, inda Ostireliya ta doke Ingila da maki 45. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, ana iya kwashe kwana biyar ana fafatawa, kuma kowace ƙungiya tana samun zango biyu na bugu. Mai jifa yana auna turaku uku da aka kafa a bayan mai bugu, shi kuma mai bugu yana kare su da sandarsa yana neman maki. Zangon ƙungiya yana ƙarewa idan aka fitar da mutum 10 daga cikin masu bugunta.

Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, mai hedikwata a Dubai, ta amince wa mambobi 12 kacal su buga Test: Ingila, Ostireliya, Afirka ta Kudu, West Indies, New Zealand, Indiya, Pakistan, Sri Lanka, Zimbabuwe, Bangladash, Ireland da Afganistan. Najeriya mamba ce a hukumar, amma a rukuni na biyu, don haka gajerun nau'o'in wasan take bugawa.

Asalin tsarin

Fiye da shekara 100, maganar alƙalai biyu da ke cikin fili ita ce ta ƙarshe. A watan Nuwamba na 1992, a wasan Afirka ta Kudu da Indiya a Durban, aka fara amfani da alƙali na uku mai duba hoton talabijin, kuma Sachin Tendulkar na Indiya ne ɗan wasa na farko da aka fitar ta wannan hanya. Sai dai a lokacin alƙalan fili ne kaɗai ke iya neman taimakonsa.

Matsin lamba ya ƙaru bayan wasan Sydney na Janairun 2008, inda Indiya ta koka kan hukunce-hukunce da dama da suka amfani Ostireliya, har aka cire alƙali Steve Bucknor daga wasan da ya biyo baya. A watan Yuli na wannan shekara aka gwada bai wa 'yan wasa damar ɗaukaka ƙara a karawar Sri Lanka da Indiya. An ƙaddamar da tsarin a hukumance a Nuwamban 2009, a wasan New Zealand da Pakistan a Dunedin. Hukumar kurket ta Indiya ta daɗe tana shakkar ingancin na'urorin, kuma ba ta rungumi tsarin ba sai a 2016, lokacin da Ingila ta kai mata ziyara.

Yadda ake ɗaukaka ƙara

Mutum biyu ne kawai ke da wannan iko: mai bugun da aka yanke wa hukuncin fita, ko kyaftin ɗin masu jifa idan alƙali ya ƙi fitar da mai bugu. Dole ne a nuna alama da hannuwa mai siffar harafin T cikin daƙiƙa 15, kuma an haramta neman shawara daga masu horarwa da ke wajen fili.

Daga nan alƙali na uku zai fara tabbatar da cewa jifan ya halatta, wato mai jifa bai tsallake layi ba. Sai ya saurari na'urar sauti, irin su UltraEdge, domin gano ko ƙwallon ta taɓa sanda. Idan batun tare turaku da ƙafa ne, sai a koma ga na'urar bin sawun ƙwallo, irin su Hawk-Eye, wadda ke amsa tambayoyi uku: ina ƙwallon ta fara dira, ina ta sami ƙafar mai bugu, kuma da ta wuce, za ta bugi turakun?

Idan hujja ta nuna alƙali ya yi kuskure, sai ya janye hukuncinsa, kuma ƙungiyar ba ta rasa komai ba. Idan kuwa shi ne da gaskiya, dama ɗaya ta tafi. A da, kowace ƙungiya na da damar yin kuskure sau biyu a zango guda. A 2020, lokacin da annobar korona ta hana alƙalan ƙetare tafiye-tafiye, aka mayar da adadin uku.

Inda maganar alƙali ke tsayawa

Ɓangaren da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne wanda na'ura ta nuna an yi kusa da kusa. Hanyar da ƙwallon za ta bi bayan ta bugi ƙafa hasashe ne, domin a zahiri ba ta kai ga turakun ba. Saboda haka, idan ƙasa da rabin ƙwallon ne na'urar ta nuna zai taɓa turakun, hukuncin farko na alƙalin fili shi ke tsayawa. Wannan na nufin jifa iri ɗaya zai iya fitar da wani, ya ƙyale wani, gwargwadon abin da alƙali ya fara yankewa. Masu suka na ganin hakan rashin adalci ne, yayin da ICC ke cewa an kafa tsarin ne domin gyara kuskuren da ya fito fili, ba domin a kwace aikin alƙali ba. Tun daga 2017, ƙungiyar da ƙararta ta faɗa wannan rukuni ba ta rasa damarta.

Darasin Headingley

A watan Agusta na 2019, a filin Headingley da ke Leeds, Ingila na buƙatar maki 359 domin doke Ostireliya, kuma saura mutum ɗaya a fitar mata. Cikin gaggawa, kyaftin Tim Paine ya kashe damarsu ta ƙarshe a kan Jack Leach, alhali ƙwallon ta dira inda doka ba ta yarda a fitar da mai bugu ba. Jim kaɗan, ana saura maki biyu Ingila ta yi nasara, jifan Nathan Lyon ya sami ƙafar Ben Stokes, alƙali Joel Wilson ya ce bai fita ba. Na'ura ta nuna da an ɗaukaka ƙara da an fitar da shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Stokes ya kammala da maki 135, Ingila ta yi nasara, kuma aka tashi jerin wasannin biyar da ci 2 da 2.

Tasiri a teburin gasa

Tun 2019, ƙasashe tara ke fafatawa a Gasar Test ta Duniya, inda nasara ke kawo maki 12, wasan da lokaci ya ƙare ba a kammala ba kuma maki 4. Ana jera ƙasashe ne bisa kason makin da suka samu, biyun farko su kara a wasan ƙarshe. New Zealand ta ɗauki kofin a 2021, Ostireliya a 2023, sai Afirka ta Kudu ƙarƙashin Temba Bavuma a 2025 a filin Lord's na Landan. A irin wannan lissafi, hukunci ɗaya na iya sauya matsayin ƙasa. Shi ya sa kyaftin kan tuntuɓi mai jifa da mai tsaron bayan turaku, waɗanda suka fi kowa ganin hanyar ƙwallon, kafin daƙiƙa 15 ɗin su cika.