Ibnu Sina Da Mutumin Da Ke Rataye A Iska

'Yan'uwa, wani ɗalibina ya tare ni bayan darasi ya ce: Malam, idan ƙwaƙwalwa ce ke tunani, to ina ruhi? Tambayar ta mayar da ni ga Ibnu Sina (980 zuwa 1037).

Ibnu Sina likita ne, bai raina ƙwaƙwalwa ba. Ya ce kogon da ke gabanta shi ke tattara abin da ido da kunne suka kawo, na baya kuwa ma'ajiyar tunawa ce. A nan ya kuskure, domin yau an san ruwa ne a cikin kogunan. Amma a littafinsa Ash-Shifa ya buga misalin da har yanzu ake muhawara a kansa. Ka ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke, idanunsa a rufe, yana rataye a iska, babu sauti, gaɓoɓinsa a ware, babu wadda ke taɓa wata. Bai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba. Shin zai san cewa shi akwai shi? Ibnu Sina ya ce lallai zai sani, don haka wannan "ni" ɗin ba jiki ba ce. (Na san Imamul Gazali ya yi masa raddi a wasu mas'alolin aƙida, kuma ina tare da Gazali a can.)

Bayan ƙarni tara, likita Wilder Penfield ya yi ta yi wa masu farfaɗiya tiyata suna farke, a cibiyar da ya kafa a Montreal ta Kanada a 1934. Yakan taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki, hannu ya motsa, sai majinyacin ya ce ba shi ya motsa ba, likita ne. Penfield ya iya tayar da motsi da tsofaffin tunani, amma bai samu inda zai taɓa mutum ya yi niyya ba. A littafinsa na 1975 ya karkata ga cewa hankali ya wuce aikin ƙwaƙwalwa kawai.

Gaskiya akasarin masana fannin a yau ba su bi shi ba. Ni dai ina ganin ƙwayoyin nan kimanin biliyan 86 tsari ne na Mai hikima, kayan aiki ne da aka danƙa wa wani. Ɗalibin nawa kuwa na ce ya karanto aya ta 85 ta Suratul Isra'i da tafsirinta kafin ranar Asabar.