Daga Tulu Zuwa Jarka: Ƙamfar Ruwa da Sana'o'in Wanki a Suleja

Garin Suleja ba ya cikin yankin da fari ya saba yi wa ɓarna, domin yana zaune ne kudu da ƙasar Hausa, inda damina ke kamawa daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuma ya kan haura milimita 1,000. Duk da haka, a kowace bazara masu sana'ar da ba ta yiwuwa sai da ruwa, wato masu wanki da guga, da masu wankin mota, da masu goge gilashin tagogin shaguna da bankuna, su kan shiga irin ƙuncin da takwarorinsu na wasu ƙasashe ke shiga idan hukuma ta kafa dokar taƙaita amfani da ruwa. A Birtaniya, inda majalisar dokoki ta zartar da Dokar Fari a shekarar 1976, ana iya ba kamfanin ruwa izinin hana duk wani amfani da ba dole ba, har da wanke tagogin manyan gine-gine da mesa. A birnin Keftawun na Afirka ta Kudu kuwa, a watan Fabrairun 2018 an ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, aka kuma hana wanke mota da ruwan famfo. A can mai sana'a ya san ranar da dokar ta fara aiki, ya san abin da aka hana, ya san ofishin da zai kai kukansa. A Suleja taƙaitawar ba ta zuwa a takarda, tana zuwa ne ta ƙafewar rijiya da tashin kuɗin jarka, kuma fahimtar yadda aka kai ga haka na buƙatar komawa ga kafuwar garin.

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci birnin Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Koro da Gwari, ya zauna a Zuba, ya kuma rasu a fagen yaƙi kusa da Lapai a shekarar 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, shi ya gaje shi, ya kafa sabon gari a shekarar 1828 wanda ya ɗauki sunansa, Abuja. An zaɓi wurin ne saboda duwatsun da suka yi masa kariya daga mahaya dawaki, da kuma kogin Iku, wanda ke ratsa garin kafin ya gangara zuwa Gurara. Gari mai ganuwa da ke tsammanin kewayewar abokan gaba ba ya iya dogara da ruwan da ke bayan ƙofa, saboda haka kogin da rijiyoyin cikin gida suka zama wani ɓangare na tsaronsa, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa masarautar ta riƙe 'yancinta har zuwan Turawa a shekarar 1902.

A wancan zamani ɗibar ruwa aikin gida ne wanda ya rataya a wuyan mata da yara da barori, wanki kuma a bakin rafi ake yin sa, a bisa faffaɗan dutse, da sabulun salo, wanda ake haɗawa da toka da man tsire-tsire. Ba a biyan kuɗin ruwan kansa, abin da ke da tsada shi ne ƙarfin ɗauko shi da abin zuba shi, shi ya sa ginin tukwane ya samu daraja ƙwarai a wannan yanki. Tulu, mai ƙaramin baki, na ɗauko ruwa ne daga rafi, randa kuwa, mai faɗin ciki, ta ajiya ce a ɗaki ko ƙarƙashin inuwa, kuma da yake yumɓunta na tsattsafar da danshi, iska na kaɗawa ruwan ya yi sanyi. Matan Gwari, waɗanda aka sani da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka, su ne gwanayen wannan gini, suna ɗaga tukunya da hannu ba tare da na'urar juyi ba, su gasa ta a buɗaɗɗen fili da itace da ciyawa. Daga cikinsu ne aka samu Ladi Kwali, wadda Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara randunanta a fada, inda Baturen maginin tukwane Michael Cardew ya gan su. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga cibiyar a shekarar 1954 a matsayin mace ta farko, kuma hotonta ne ke bayan takardar Naira 20 a yau. Abin da ya kamata mai nazarin ruwa ya lura da shi a nan shi ne cewa randunan da ta gina a cibiyar, waɗanda aka shafe da sinadarin ƙyalli aka gasa a wuta mai tsanani, sun yi nauyi, sun kuma daina tsattsafa, don haka sun bar aikin sanyaya ruwa sun koma kayan ado a gidajen tarihi na Turai. A hankali garwar kananzir, sannan bokitin roba da jarka, suka ƙwace aikin tulu a titunan garin.

Garwar ta taimaka wajen mayar da ruwa hajar sayarwa. Mai ga-ruwa na farko ya kan rataya garwa biyu a kan sanda a kafaɗa, yana bin layi yana kiran sana'arsa, kuma kasuwarsa ta buɗe ne tare da zuwan ma'aikatan gwamnati da baƙin 'yan kasuwa, mutanen da ke da albashi amma ba su da iyalin da za su aika rafi. Su ne kuma suka samar da kasuwar wanki da guga, tunda ma'aikaci na buƙatar tufafi masu tsafta kowace safiya. Wannan sauyi ya faru a yawancin garuruwan Arewa, kuma da Abuja ta dā ta ci gaba da zama ƙaramar hedikwatar masarauta, da wataƙila kogin Iku da rijiyoyin gida sun ishe ta shekaru da dama.

Shekarar 1976 ce ta sauya lissafin baki ɗaya. A ranar 3 ga Fabrairu gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta samar da Babban Birnin Tarayya, ta kuma ƙirƙiro Jihar Neja. Kaso mai yawa na ƙasar da aka yanka wa sabon birnin daga masarautar Abuja ya fito, sunan ma aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979. Tun kafin a ɗora tubali a sabon birnin, a Suleja ma'aikatan hukumar raya shi da 'yan kwangila da leburori suka fara sauka, domin nan ne gari mafi kusa da ke da gidajen haya da kasuwa. Wannan ya zo ne jim kaɗan bayan farin Sahel na 1972 zuwa 1974, sannan wani ya biyo baya a tsakanin 1983 da 1985, kuma duka biyun sun koro jama'a daga ƙuryar Arewa da Jamhuriyar Nijar zuwa kudu. Ta wannan hanya ce fari ya fi shafar Suleja: gonakin da suka ƙone a nesa sun aiko mata da 'yan ci-rani, wato matasan da ke barin gida bayan girbi don neman kuɗi a birni su koma da faɗuwar damina, kuma da yawansu ga-ruwa da wanki suka kama, saboda sana'o'i ne da ba sa neman jari sai ƙarfin jiki.

An tsara wa sabon birnin ruwansa da kyau. An gina madatsar Usuma a kusa da Bwari a shekarun 1980, daga baya aka gina wata a kan kogin Gurara a Jihar Kaduna, aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 75 don ƙara wa Usuma ruwa. Suleja kuwa, da yake iyakar da aka shata ta bar ta a Jihar Neja, ta ci gaba da dogara da hukumar ruwa ta jiha mai hedikwata a Minna, wadda ke raba ɗan abin da ke hannunta tsakanin Minna da Bida da Kontagora da sauran garuruwa. Bayan da gwamnati ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, tsadar haya ta tura dubban ƙananan ma'aikata kwana a Suleja da Madalla, rusau da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 kuma ya ƙaro wasu, har ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 200,000 a ƙaramar hukumar. Unguwanni irin su Kwamba da Maje da Rafin Sanyi sun bunƙasa da saurin da bututun gwamnati bai iya bi ba. Babu adalci a cikin wannan rabo, domin garin da ya ba da ƙasarsa da sunansa, yake kuma ɗauke da ma'aikatan da ke hidimar birnin, shi aka bari a bayan layin bututu.

Gurbin da famfo ya bari, rijiyar burtsatse ce ta cike shi, wato rijiyar da injin haƙa ke hudawa zuwa zurfin da hannu ba ya kaiwa, a saka mata famfon lantarki ya tura ruwa zuwa tanki a sama. Sai dai ƙarƙashin Suleja tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya fito fili a Dutsen Zuma, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a saman da ya rududduge da kuma cikin tsagoginsa. Saboda haka burtsatse biyu na iya zama a layi ɗaya, ɗaya tana ba da ruwa duk shekara, ɗaya kuma ta ja baya tun watan Fabrairu. Mai burtsatsen da ta dace da tsaga ya zama dillali, mai ga-ruwa ya saya a wurinsa ya loda jarkoki masu cin lita 20 ko 25 a kura, wato amalanken ƙarfe mai taya biyu, ya tura zuwa gidaje da shaguna. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da rijiyoyin gida suka ƙafe kuma Iku ya janye zuwa kwarinsa, layi kan yi tsawo a 'yan wuraren da ke da ruwa, sawun da mai kura zai yi a yini ya ragu, dole ya ɗora abin da ya rasa a kan kuɗin jarka.

Nauyin wannan tashi bai faɗa wa masu sana'ar wanki daidai wa daida ba. Mai wanki da guga ya fi kowa jin jiki, domin kuɗin wanke riga abu ne da unguwa ta saba da shi, ƙari kaɗan na iya sa mai kaya ya koma wanki a gida, don haka sai ya rage ɗauraya, ko ya yi amfani da ruwan ɗaurayar fararen kaya ya jiƙa masu duhu, ko ya ɗauki ƙunshinsa ya nufi bakin rafi kamar yadda kakanni suka yi. Masu wankin mota, waɗanda suka yawaita saboda zirga-zirgar hanyar Kaduna zuwa Abuja da ta Minna da kuma tankokin da ke zuwa ma'ajiyar man fetur ta Suleja, sun rabu gida biyu: mai jari ya haƙa burtsatsensa ya sayi injin feshi, wanda ba shi da hali kuma ya kafa sana'arsa a gaɓar rafi da bokiti da soso, inda kumfa da baƙin mai ke komawa cikin ruwan da wasu ke ɗiba a ƙasa. Goge gilashi shi ne mafi ƙuruciya a cikin waɗannan sana'o'i, tunda ginin gargajiya na ƙasa ba shi da taga sai 'yar ƙaramar kafa, kuma sai da tagar luba mai jerin gilasai, daga baya ta alminiyam mai zamewa da manyan fuskokin gilashi na bankuna da otal-otal, suka yaɗu kafin aikin ya zama abin biya. Har yanzu yawanci masu shara da goge-goge na ma'aikatu ne ke yin sa, ko yaran shago. Matsalarsa ita ce lokacin da aka fi buƙatarsa, wato hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙura ke lulluɓe gilashi cikin yini guda, shi ne lokacin da ruwa ya fara ja baya, sannan ruwan wasu burtsatse na barin farin tabo idan ya bushe. Shi ya sa mai goge gilashi a nan ya saba fara kaɗe ƙura da busasshen tsumma, ya bi da jiƙaƙƙe, ya ƙarasa da tsohuwar jarida, ta yadda bokiti ɗaya zai ishi fuskar shago.

Wannan tsimi ya nuna cewa masu wanki ba su ne tushen ƙamfar ruwan Suleja ba, kuma dokar hani irin ta Birtaniya ba za ta sami abin kamawa a nan ba, domin ruwan da suke aiki da shi ba na hukuma ba ne balle ta hana. Abin da ke ƙayyade kuɗinsa shi ne zurfin ruwan ƙasa da kuɗin tura shi sama. Idan wutar lantarki ta ɗauke, sai an tada janareta, don haka cire tallafin man fetur da aka sanar a ranar 29 ga Mayu 2023 ya shiga cikin kuɗin jarka kai tsaye, ba tare da la'akari da damina ko rani ba. Masu hali sun fara komawa ga famfo mai aiki da hasken rana, wanda ke rage kuɗin mai, amma yana ba da damar jan ruwa tun fitowar rana har faɗuwarta daga tsagogin dutsen da maƙwabta ke sha daga cikinsu, yayin da siminti da kwalta da suka rufe filayen unguwanni ke hana ruwan damina nutsewa ya mayar da abin da aka ɗiba. Ruwan sai ya bi kan titi ya afka cikin rafuka da ƙarfi, kamar yadda aka gani a ambaliyar watan Yulin 2017, wadda ta ci rayuka da gidaje a garin.