Yadda Tartsatsin Taurari Ya Zama Ma'aunin Iskar Sama

A watan Maris na 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya shiga gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kayan awonsa. Ya rubuta cewa da ya shimfiɗa taswirar sama, sai ya tarar Bello ya san burujai duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Kallon sama dai tsohuwar sana'a ce a garin nan. Amma tartsatsin nan da ke tsaga duhu ya ɓace kafin a nuna wa na kusa, babu wanda a lokacin, a Sakkwato ko a Turai, ya yi zaton za a auna iska da shi.

Ba tauraro ba ne, yawancinsa ba ma dutse ba ne. Ɓarɓashi ne da bai wuce ƙwayar yashi ba, yana shigowa da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya, ya ƙone tsakanin kilomita 80 da 100 a bisa kawunanmu. Masu isowa ƙasa tsiraru ne. Na Zagami a ƙasar Katsina, wanda ya faɗo ran 3 ga Oktoba 1962 da nauyin kilo 18, daga duniyar Mas ya fito. Na Sakkwato kuwa, na watan Janairun 2008, baƙin ƙarfe ne. Irin waɗannan su ke tara jama'a, su ke shiga jarida. A ganina, wanda ya ƙone bai bar ko toka ba ya fi su yi wa ilimi aiki.

Yaƙi ne ya buɗe ƙofar. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, masu kula da rada a Ingila suna farautar rokokin Jamus samfurin V-2, sai suka riƙa samun amsa daga sararin da babu komai. James Hey da abokin aikinsa Stewart suka bi diddigi har suka tabbatar da cewa wutsiyar da ɓarɓashin ke bari ce ke mayar da zangon rediyo, domin zafin ƙunar yana cika iskar wurin da cajin lantarki. Bernard Lovell ya kwashi tsofaffin na'urorin soja ya kafa a Jodrell Bank kusa da Mancesta. A daren 9 ga Oktoba 1946 aka yi ruwan tartsatsi, rada ta ƙirga shi. A 1947 suka gano wanda ke zuba da rana tsaka, abin da ido bai taɓa gani ba.

Daga nan tunani ya juya. Wutsiyar ba ta tsayawa wuri ɗaya. A ɗan abin da bai cika daƙiƙa ba da take rayuwa, iska na janta, kamar yadda hayaƙin murhu ke nuna wa mai girki inda iska ta dosa. In ta nufo rada ko ta nisanta, zangon da ya dawo yakan ɗan sauya, kuma daga wannan sauyi ake lissafa gudun iskar. Manning da Villard da Peterson na Jami'ar Stanford a Amurka suka nuna haka a 1950, Adelaide ta Ostireliya ta biyo baya. Muhimmancin abin shi ne wurin ba ya shiguwa: balan-balan ɗin masu hasashen yanayi takan fashe wajen kilomita 30, tauraron ɗan Adam kuma ba ya iya saukowa can ya zauna.

Abin da aka tarar ya ba da mamaki. Iskar can tana cika tana janyewa a kan lokaci kamar teku, wata duk awa 24, wata duk awa 12. Teku wata ke janta, amma wannan galibi zafin rana ne, wanda tururin ruwa da iskar ozon ke sha a ƙasa-ƙasa. Motsin yana ƙaruwa yayin da yake hawa, domin iska na ƙara sirancewa, har ya kai gudun mita gommai a daƙiƙa.

Nan ne maganar ta dawo gida. Wannan iska ce ke tura cajin lantarki a tsakanin layukan maganaɗisun duniya, ta haifar da wani kogin lantarki mai gudu gabas da rana, wajen kilomita 105 a sama. An fara lura da shi a Huancayo ta Peru bayan 1922, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Layin da yake bi ya ratsa Nijeriya ta kudu da Sakkwato, shi ya sa Cyril Onwumechili ya yi shekaru yana aunarsa daga Jami'ar Ibadan tun ƙarshen shekarun 1950. Yau Cibiyar Binciken Sararin Iska da ke Anyigba a Jihar Kogi, ƙarƙashin hukumar NASRDA, ita ke riƙe da irin wannan aiki, domin hargitsin da ke tashi a samanmu bayan magariba yana gurɓata siginar GPS da ta rediyo mai gajeren zango.