Kafin Alƙalami da Hukuncin Saɓa Yarjejeniyar Ciniki

Idan mai saye ya ajiye kafin alƙalami a kan fili ko gida, sannan ya janye kafin ya cika kuɗi, ya saɓa yarjejeniya. Wannan babu gardama. Inda ake ja shi ne makomar kuɗin da ya ajiye. Ra'ayin da ya yaɗu a bakin dillalai, har wasu masu sharhin shari'a suka ɗauka, shi ne kuɗin ya zama halaliyar mai sayarwa, kuma wai dokar Ingilishi da fiƙihu sun haɗu a kan haka. Da wuya wannan magana ta tsaya da ƙafarta.

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce shari'ar Howe da Smith ta 1884, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta bar wa mai sayarwa kuɗin, don an ajiye shi ne a matsayin tabbacin za a cika ciniki. Sai dai hukuncin ya rataya ne a kan niyyar ajiyar. A shari'ar Dies ta 1939 an bambance tabbacin ciniki da somin biya: somin biya yana komawa ga mai shi, a cire asarar da ya jawo kawai. Kalmar kafin alƙalami kuwa tana ɗaukar ma'anonin biyu, kuma takardar da ake rubutawa a gaban mai unguwa da shaidu sau da yawa ba ta fayyace wanne ake nufi ba. Adadi take faɗa, da ranar cikawa, sai sa hannu.

Ko an yarda tabbacin ciniki ne, yawansa abin dubawa ne. A shari'ar Workers Trust da Dojap ta 1993, wadda ta taso daga Jamaika, alƙalan majalisar Sarauniyar Ingila sun ƙi amincewa da riƙe kashi 25 cikin ɗari, suka nuna kashi 10 ne abin da aka saba. Wannan hukunci ba ya ɗaure kotunan Najeriya, tunda an daina kai ƙara can tun 1963, amma suna iya jingina da shi. Wanda ya karɓi miliyan 4 a filin miliyan 10, ya sayar wa wani da riba, kuma ya riƙe kuɗin farko, yana tsaye ne a kan tudun rairayi.

Ta fuskar fiƙihu iƙirarin ya fi rauni. Imam Malik a Muwaɗɗa ya hana cinikin arbun, wato sharaɗin cinye kuɗin idan ciniki ya watse, kuma Hanafawa da Shafi'awa suna tare da shi. Masu ja za su kawo Imam Ahmad, wanda ya halatta, da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta bi shi a zamanta na Brunei a 1993. Gaskiya ne, amma halaccin nan yana buƙatar a yi sharaɗin a fili tun farko, majalisar ma ta ƙara da ƙayyade wa'adi. Ba ya ceton mai sayarwar da takardarsa ta yi shiru, balle a kotunan da ke hukunci da mazhabar Malikiyya.

Abin da hujjojin suka ɗauka bai wuce haka ba: inda aka rubuta sharaɗin ƙarara, adadin kuma bai wuce kima ba, babbar kotu tana iya barin kuɗin a hannun mai sayarwa. Inda ba a rubuta ba, ya fi kusa a ce haƙƙinsa shi ne diyyar asarar da ya iya tabbatarwa, kamar faɗuwar farashi ko la'adar dillali da ya riga ya biya.