Karatun bazara a ƙasar Cake

A ƙasar Cake, cikin yankin Mayahi, babu tsaunin da zai tare iska ko ya sanyaya ta. Fili ne na rairayi. Shi ya sa manoman dā suka maida bazara abin nazari. Tsananin zafin watan Afirilu da na Mayu bai isa hujja ba a wurinsu. Abin da suke jira shi ne juyawar iska: ranar da busasshiyar iskar gabas ta kwanta, mai ɗanshi ta taso daga kudu maso yamma, har dare ya yi sanyi-sanyi. Sai su dubi gawo, wanda ke kaɗe ganyensa idan damina ta matso, saɓanin sauran itatuwa, su kuma saurari isowar shamuwa. Malamai kuwa suna bin taurari da hisabi.

Kuskure a nan yana da tsada, domin wanda ya shuka gero bayan ruwan yaudara ya yi asarar iri.

Farin 1973 ya girgiza wannan ilmi, alamu suka bayyana amma ruwa ya ƙi. A 1974 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, daga 1998 kuma masanan Afirka ta Yamma suka fara fitar da hasashen damina kowace shekara. Sai dai hasashen yana magana ne kan yanki mai faɗi, manomi kuwa gonarsa yake tambaya. Don haka, a ganina, bai daina kallon gawo ba ko da rediyo na hannunsa.