Asalin Makarantar Boko a Kano

In mutum ya taso daga Hotoro ya ratsa Nassarawa, akwai wani tsohon gidan ƙasa mai zankaye da zanen bango, ana ce masa Gidan Ɗan Hausa. Mai gidan a da Bature ne, Hanns Vischer, haifaffen Basel ta Suwizalan, wanda Hausa ta zauna a bakinsa har aka laƙaba masa wannan suna. Shi ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa a 1909, zamanin Sarki Abbas.

Tun ƙarni na 19 'yan mishan suka kafa makarantu a bakin teku, har Legas ta sami sakandare a 1859. Kano kuwa, da Bishop Tugwell ya iso a 1900, Sarki Alu bai yarda ya zauna ba. Da Turawa suka ci garin a 1903, shugabansu Lugard ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, kuma sun riga sun ga abin da boko ta haifar musu a Indiya da Legas: masu Turanci da jarida, masu ja-in-ja da Gwamna. Wannan ba sa so. Buƙatarsu malamin haraji ce da magatakardan En'e. Saboda haka aka tura Vischer Masar da Sudan ya gano tsarinsu, ya dawo ya tara malamai da 'ya'yan sarakuna a kan tabarma, da rigunansu da hulunansu, ana koya musu Hausa da haruffan boko, da lissafi da labarin ƙasa. A gefe guda ga masu koyon ƙira da dukanci.

Wani zai ce ai mutanen Kano ne suka ƙi boko. Da gaskiyarsa, don an sha ba da labarin hakiman da suka tura 'ya'yan barorinsu suka ɓoye nasu, kuma garin da ke cike da makarantun allo da na zaure ba ya ganin kansa jahili, balle ya yi rububin karatun wanda ya ci shi da yaƙi. To amma ƙin talaka ba hujja ba ce, tunda ba a gayyace shi ba. Ƙofar da gangan aka yi ta ƙarama. Sai a 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, ita ma don horar da malamai ƙalilan daga lardunan Arewa kaf, kuma cikin waɗannan ƙalilan ne Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito.