Yadda Aka Raba Babbar Kwamfuta Gida-Gida

A ranar 7 ga Afrilu, 1964, kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da jerin manyan kwamfutoci da ya raɗa wa suna System/360. Kafin wannan lokaci, duk ma'aikatar da aikinta ya fi ƙarfin injinta, har ta sayi wani babba, sau da yawa sai ta sake rubuta manhajojinta tun daga tushe. Sabon jerin ya rage wannan wahala ƙwarai, domin an tsara shi ne yadda manhaja guda za ta yi aiki a kan ƙaramin inji da babba.

To, amma injin yana da tsadar gaske, masu bukatarsa kuwa ga su da yawa. Wannan ne ya sa masanan kamfanin da ke garin Kambirij, a Jihar Masacusets, suka ƙago manhajar CP-40, wadda ta fara aiki a 1967. Hikimarta ita ce ta mai da inji guda tamkar gidan haya: kowane mai aiki a ba shi kwamfutar kwaikwayo, yana ganin kamar shi kaɗai ke da injin. In tasa ta rikice, ta maƙwabcinsa ba ta ko girgiza. Daga nan aka sami CP-67, sannan VM/370 a 1972. A 1988 kuma aka shigar da dabarar rabon cikin jikin injin kansa, da sunan PR/SM.

Rabo kuwa ba ya yiwuwa sai da awo. Da farko ana auna ƙarfin inji da yawan miliyoyin umarnin da yake zartarwa cikin daƙiƙa guda. Daga baya ma'aunin MSU ya zama abin da ake yanke kuɗin manhaja da shi. Saboda haka wanda ya sayi inji fiye da bukatarsa zai yi ta biyan kuɗin ƙarfin da ke zaune banza. Wanda ya tsuke hannu kuwa, ranar lissafin albashi a ƙarshen wata zai ga aiki ya yi cunkoso.

Wannan batu na kuɗi shi ya haifi masarrafai na musamman, masarrafi kuwa shi ne sashen da ke yin lissafi. A 2000 aka fito da IFL domin Linux, a 2004 zAAP domin Java, a 2006 kuma zIIP, wanda daga baya ya gaji aikin zAAP. A ƙira, babu abin da ya bambanta su da masarrafin gama-gari. Bambancin yana ga aikin da aka yarje musu, da kuma cewa ba a lissafa ƙarfinsu cikin kuɗin manhajar kamfanin.

Ashe ke nan tsada ce ta riƙa jan ragamar wannan fasaha. Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen inji, wajibi ne ya fara auna nauyin aikin ofishinsa a ranar da ya fi yawa, kafin ya sa hannu a takarda. Hausawa dai sun ce, daidai ruwa, daidai tsaki.